Rawanin Kura a Gidan Kakannin Sampe

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Duk Lahadin da aka taru a falon Dakta Lawal a Lewisham sai wani ya ce, "Garba, wai da gaske ne a cikin kwale-kwale suke kwana?" Ina fara ba da labari sai wani ya shigo a ce in koma farko, matar Dakta kuma tana kicin, ta ji rabi ta rasa rabi. To yau na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, kowa ya karanta, ni ma bakina ya huta.

Waɗanda ba su san Sampe ba, shi ne ɗan gajeren nan mai tabarau da muke zuwa sallar Juma'a tare. Ajinmu ɗaya a kwas ɗin gine-gine, ɗakinsa kuma yana kallon nawa a gidan da muke haya a Deptford. Mutumin Indonesiya ne, daga wata ƙabila ta kan duwatsu da ake kira Toraja. Danginsa addinin kakanni suke bi, wasu sun shiga coci. Shi kuwa ya musulunta tun yana sakandare a birni, a hannun mutanen da suka riƙe shi. Shekara takwas rabonsa da gida. Har mahaifinsa ya rasu aka binne shi bai je ba, don ya ce bai san da wace fuska zai shiga ba.

Ana saura wata ɗaya a yi dogon hutu ya shigo ɗakina da wasiƙar ƙanwarsa a hannu, ya zauna a kan gadona ko sallama babu. Wai ana sake rufin gidan kakanninsu, za a yi biki bayan girbi. Ya yi mini bayani cewa a wurinsu kowane mutum yana da babban gidan zuri'a, tongkonan suke ce masa. Ba na mutum ɗaya ba ne, na duk wanda ya fito daga tsatson wanda ya kafa shi ne. In aka sake masa rufi, kowane ɗa zai kawo alade, a yanka, sannan a tsaya a gaban jama'a a kira sunayen 'ya'yan gidan ɗaya bayan ɗaya, a miƙa wa kowa kasonsa. Wanda aka tsallake sunansa, shi ke nan, ya fita daga gidan, shi da 'ya'yan da zai haifa. Baffansa kuwa, Ne Tandi, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya riga ya faɗa cewa wanda bai kawo alade ba shi ya cire kansa.

Sampe ya ce, "Garba, ba zan kai alade ba, ka sani. Amma in aka tsallake sunana a gaban mahaifiyata, ban san yadda zan yi da raina ba."

Ni kuma kun san ni da baki. Na ce, "Tashi mu je tare. Ni ɗan Kura ne, jikan marina, a cikin tsofaffi na tashi. Babu tsohon da zai gagare ni." Lokacin nan gwamnatinmu ta ji ɗumin man fetur, alawus ɗin ɗalibi har yana kai shi ga fankama. Kafin sati ya zagayo na yi mana booking.

Sai da na ɓata wuni guda a Croydon a layin masu neman hatimin dawowa. Baturen da ya karɓi fasfona ya tambaye ni ina za ni, na ce Toraja, ya ce ina ne nan, na ce wallahi ni ma sai na je. Da na dawo ɗaki na buɗe ƙasan akwatina na ɗauko rawanin da mahaifina ya ba ni ranar da zan baro gida. Ɗan Kura ne na gaske, baƙi wuluk, an buge shi har yana ɗaukar ido, yana naɗe a takardarsa ko warware shi ban taɓa yi ba. A garinmu babu kyautar da ta fi wannan girmama dattijo. Na ce da wannan zan karya zuciyar baffan nan. Ban gaya wa Sampe ba, don ina so shi ma ya sha mamaki.

Jirgi ya yi ta sauka yana tashi da mu har na daina ƙirga garuruwa. A Jakarta ma'aikacin da ke duba fasfo ya juya nawa gaba da baya, ya kira abokin aikinsa, suka duba ni, suka duba hoto. Can sai ya karanta sunana da ƙarfi, "Abubakar!" ya yi mini sallama irin ta Musulmi, na amsa masa har da wa barakatuhu. Sampe ya ce wai yana cewa ƙasarku mai, ƙasarmu mai, ashe 'yan uwa ne. Ya buga hatimi ya miƙo mini yana dariya, ko akwatina bai buɗe ba.

Daga nan muka hau ƙaramin jirgi zuwa Ujung Pandang, babban birnin tsibirinsu, muka kwana a wani masauki kusa da tasha. A banɗakin na tarar da ƙaramar kwatarniyar siminti cike da ruwa, na ce lallai mutanen nan sun san darajar baƙo, na shige ciki tsamo-tsamo da sabuluna. Ashe ruwan wankan mutanen gidan ne gaba ɗaya, da moɗa ake ɗiba. Mai masaukin kuwa sai da ya kwashe ruwan tas a kan idona.

Motar Toraja kuwa, ku tuna motar Kano zuwa Rano ranar kasuwa, ku ƙara mata duwatsu. Tun sassafe muka tashi. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar ƙabilar bakin teku, mai haƙorin Makka biyu. Ta daɗe tana satar kallona, can ta zunguri Sampe ta ce ya tambaye ni ko mu ne baƙaƙen nan masu gasa nama a Makka. Na ce mu ne, Hajiya, babu wasu. Kai, kamar ta ga ɗanta! Ta ce yajinmu ya sa ta kuka a Mina amma sai da ta koma ta ƙara. Tun daga nan ba ta bar bakina ya zauna ba: dafaffen ƙwai mai gishiri, shinkafa a ƙunshin ganye, soyayyar ayaba. Da muka fara hawan dutse, mota tana lanƙwasa kamar maciji, duk abin nan ya dawo ta taga. Hajiya ta goge mini fuska da gefen mayafinta tana yi wa direba faɗa. Da za ta sauka, da ta ji abin da ya kawo Sampe, ta dafa kansa ta ce, "Uwa tana nan da rai? To je ka, sauran mai sauƙi ne."

A garin Rantepao mota ta ƙare, sai ƙafa. Ni kuwa takalmin nan mai tudun dunduniya da ake yayi na sa, don a san daga Landan nake. Hanyar kunyar gonar shinkafa ce, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba. Ban yi taku hamsin ba ƙafar dama ta nutse har gwiwa, ta fito babu takalmi. Muka laluba muka gaji. Haka jikan marina ya shiga ƙauyen mutane da safa ɗaya da takalmi ɗaya.

A hanya na ga abin da ya tsayar da ni. Wani dattijo a cikin rafi yana cuɗa ɓauna, yana wanke mata kunne, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ɓaunar da maharbanmu suke yi wa kirari kafin su tunkare ta! Sampe ya ce a nan ko noma ba a cika sa ta ba, ana kiwonta ne don ranar da babban mutum zai mutu. Ya nuna mini wani dutse mai tsayi, an fafe ramuka a jikinsa, ga gumakan itace a jere sanye da tufafi suna kallon gonaki. Ya ce, "Babana yana can." Ya tsaya kaɗan, muka wuce.

Sai ga gidajen. Dakta, ba kwale-kwale ba ne, amma wanda ya ce haka bai yi ƙarya ba. Rufin ya lotsa a tsakiya, gaba da baya kuma sun ɗaga sama sun yi tsini, kamar a ce zankon soro ne ya yi girma ya rinjayi ɗakin. Gidan yana tsaye a kan ginshiƙan itace, babu ƙusa ko ɗaya, komai an sassaƙa an zura shi cikin ɗan uwansa. Bangon duk zane ne, ja da fari da rawaya da baƙi, irin cinkoson zanen da maginanmu suke yi a fuskar zaure. A ginshiƙin gaba an jera ƙahonin ɓauna tun daga ƙasa har sama. Duk gidajen arewa suke kallo, a gaban kowanne kuma akwai rumbun shinkafa mai irin siffarsa. Suna cewa gida uwa ne, rumbu uba. Shekara uku ina karatun gini a Ingila, ban taɓa tsayawa a gaban gini na ji kunyar ilimina ba sai ranar.

Mahaifiyarsa tana zaune a kan tsani tana tauna wani ganye da ke rina baki ja, goronsu ke nan. Indo Sampe ake ce mata, wato uwar Sampe. Na ce ikon Allah, mu Indo A'isha ce, kuma uwa a wurinmu ko sunan ɗan fari ba ta faɗa, su kuwa da sunansa ake kiranta har ta mutu. Shekara takwas ke nan ana kiran matar nan da sunan ɗan da ba ta gani. Ba ta tashi ba, ba ta yi kuka ba. Ta tofar da abin bakinta ta ce, "Ka rame." Sannan ta kama wuyan hannunsa, har muka gama gaisawa da mutane ba ta saki ba.

A ƙarƙashin rumbu aka sauke ni, akwai dandamalin katako da aka yi don baƙi. Ƙanwar Sampe ta nuna mana sabuwar tukunya da tsohuwar ta saya tun da ta ji muna tafe, wadda alade bai taɓa shiga ba. Abincinsu kifi ne da ganye a ɗura a cikin gora a jingina a wuta, sai jar shinkafa, sai gahawa mai kauri. Bammi kuwa duk inda na juya sai an miƙo mini, in dafa ƙirji in girgiza kai, su yi dariya su shanye.

Baffan ne dai matsala. Dogo ne, siriri, ba ya gaggawar magana. Sampe ya durƙusa ya gaishe shi, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ka zo," ya ci gaba da feƙe gorar da ke hannunsa. Ni ma na zuba gaisuwa irin ta Kano, har da "ranka ya daɗe", ko ɗaga ido bai yi ba.

Rufin nan da gora ake yinsa, a tsaga, a kifa wata a kan wata, hawa-hawa har kaurinsa ya kai kamu. Kowane reshe na zuri'a da ɓangarensa, kuma ɓangaren mahaifin Sampe ne kaɗai ya rage da rami, don babu namiji a ɗakinsu. Washegari Sampe ya ɗaure tabaraunsa da zare a ƙeya, ya hau. Kwana biyar yana sama. Ni ina ƙasa ina tsaga gora, ta yanke ni a yatsu har ban iya damƙar shinkafa. Na fito da tef ɗina zan gwada musu tsawo, masassaƙan suka karɓa suna ja yana komawa, suna ta ƙyaƙyatawa, su da gaba da taƙi suke awo kuma ba sa kuskure. Ranar da aka rufe ramin baffan ya zo ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya juya ya tafi. Sampe ya ce mini, "Aiki daban, alade daban. Ban san abin da zai yi ba."

Ranar biki tun hantsi fili ya cika. A wurinsu shagalin rayuwa da safe ake yinsa, ta gabashin gida, na mutuwa kuma sai rana ta karkata, ta yamma, kuma ba a haɗa kayan wannan da na wancan. Sampe ya gaya mini haka tun a mota, na ji da kunne ɗaya. Ga aladu ana shigowa da su a cikin akwatunan itace masu ado da ganye, samari suna ɗauke da su a kafaɗa suna tsalle suna ihu, aladun ma suna nasu. Mata sun sha ja da rawaya da duwatsun wuya. Daga ƙololuwar rufin an sako wasu dogayen ƙyallaye na kakanni masu shuɗi da fari. Da ina da hankali da na lura cewa a duk taron nan babu mai baƙin tufa ko ɗaya.

Na sa farar babbar rigata, na ari silifa, na ce yanzu ne lokaci, kafin a fara kiran suna. Na ratsa fili har gaban baffan, yana zaune da manya a ƙarƙashin rumbu. Na durƙusa, na warware takarda, na ɗora masa rawanin a tafin hannunsa biyu, har da jan gefensa in yafa masa a kafaɗa.

Wallahi kamar an ɗauke wuta. Masu ganga suka tsaya. Wata mata ta ja ɗanta baya. Na waiga ina murmushi ina neman Sampe, na gan shi fuskarsa ta koma kamar toka. Ya iso da sauri ya ce a kunnena, "Garba, me ka yi? Baƙin ƙyalle na makoki ne. Ka yafa wa babban gida kayan mutuwa ranar bikin gidansa."

Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na lokacin ba. Ku duba fa: ɗan da ya bar addininsu, bai kawo alade ba, ga abokinsa ya zo da wannan. Wani daga cikin manyan ya fara magana da zafi yana nuna mu. Baffan ya sauke rawanin daga kafaɗarsa ya riƙe shi nesa da jikinsa. Na buɗe baki, ni mai baki, babu abin da ya fito. Na ce a raina shi ke nan, na jawo yaron mutane tun daga Landan na zo na rufe masa ƙofa da hannuna.

Sai ga Indo Sampe ta taho a hankali, tana tauna abinta. Ta karɓi rawanin, ta ɗaga shi a rana, ta sunsuna. Ta lashi babban yatsanta ta murza gefensa, ta duba yatsan. Sannan ta kama hannun baffan ta buɗe tafinsa ta ɗaga wa jama'a. Shuɗi ne shar! Kafaɗar rigarsa ma haka, gaban farar rigata kuwa ba a magana. Kun san ɗan Kura, ko kallonsa ka yi sai ya bar maka shaida.

Ta yi wata magana, aka ɗan yi gunaguni, wani ya tuntsire da dariya. Sampe ya ce, "Ta ce wannan ba baƙi ba ne, shuɗi ne da ya ƙoshi. Tana tambaya sau nawa aka tsoma shi."

Nan fa bakina ya dawo. Na ce a gaya mata ba a ƙirgawa, ana tsomawa ana shanyawa har sai ƙyalle ya ƙi shan baba, sannan a barbaɗa shuni a buga da mabugi. Na kwatanta mata ganyen, na kwatanta karofi. Ta gyaɗa kai ta ce ta san ganyen, kakarta da shi take rini, kuma da shi aka rina waɗancan da ke rataye. Ta nuna ƙyallayen kakanni. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta miƙa wa wani mai ɗaukar alade rawanin, ta ce ya hau ya rataye shi tare da su. Ya hau, ya sake shi, ya zubo har kusa da ƙahonin ɓauna yana walƙiya. Baffan ya dubi tafin hannunsa, ya goga a zaninsa, abin ya ƙi fita. Masu ganga suka ci gaba. Na koma gefe na zauna, ban san ko na tsira ba ne ko an ɗaga mini ƙafa ne kawai.

Aka yi yanka, ni dai na kau da kai. Kafin rana ta kai tsaka baffan ya miƙe a gaban gidan, nama a jere a kan ganyen ayaba, ya fara kiran suna. Ba takarda, duk a ka. Ya fara daga wanda ya kafa gidan, yana gangarowa reshe-reshe, duk wanda aka kira ya amsa ya fito ya karɓa. Sampe yana tsaye kusa da ni, ina jin numfashinsa. Aka zo ɗakin mahaifinsa. Aka kira ƙanwarsa, ta fita ta karɓa. Baffan ya juya ya ce wani abu da na bayansa, aka miƙo masa wani kwando.

"Sampe!"

Bai amsa ba sai da na zungure shi. Ya fita yana tuntuɓe. Baffan ya zura hannu a kwandon ya fito da jan zakara, da ransa, ƙafafu a ɗaure. Ya yi magana da ƙarfi yadda kowa zai ji, daga baya ƙanwar ta sa Sampe ya fassara mini. Cewa ya yi, "Ruwa ba zai zuba a ɓangaren ubanka ba, na duba. Ga kasonka. Ka yanka da hannunka, yadda naka addinin ya ce."

Muka zagaya gabashin gidan, inda aka binne mabiyiyarsa ranar da aka haife shi. Ya tambaye ni alƙibla, shi da ya fi ni sanin lissafi, na nuna masa. Na riƙe ƙafafu da fukafukai, ya yi bisimilla har sau biyu sannan ya yanka. Tsohuwar ta fige da kanta, ta ɗura a sabuwar gora da ganye ta jingina a wuta.

Muna zaune a ƙarƙashin rumbu mu uku, ni da Sampe da mahaifiyarsa, an tsaga gorar ke nan tururi yana tashi, sai inuwa ta rufe mu. Baffan ne, ya baro manyan baƙinsa da tulin namansu. Ya naɗe ƙafa ya zauna a tabarmarmu, ya sa hannun nan mai shuni ya ɗauki cinya, ya tauna a hankali. Duk muka zuba masa ido. Ya haɗiye, ya dubi Sampe ya faɗi wata 'yar magana.

Sampe ya cire tabarau, dariya da hawaye suka haɗe masa. Na ce, "Kai, me ya ce? Gaya mini mana!"

Ya ce, "Wai gishiri bai ji ba. Wai in tashi in shiga gida in ɗauko, na san inda ake ajiyewa."